Kashi 14 Cikin 88

Duk ƙarshen Disamba nakan zauna da littafin la'adata in bi shi shafi-shafi: shago nawa na samar wa mutane, magaza nawa, wane ciniki ya faɗa, wanne ya watse. Shekarata 19 ina dillancin shaguna da wuraren sana'a a Briqueterie, unguwarmu ta Hausawa a Yawunde, wadda muke yanke sunanta mu ce Birik. Littafin 2024 ba shi da laifi in adadi za a duba. Amma akwai shafi guda na watan Fabrairu da na ja wa layi da jan biro, kuma shi zan buɗe muku, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wanda bai san unguwar ba sai ya fara gane yadda shago yake samuwa a cikinta. Asalin sunan wurin Ekoudou, sunan Briqueterie kuwa ya samo shi ne daga masana'antar bulo ta zamanin Turawa. Kakanninmu fatake sun iso Yawunde tun zamanin Jamus, iyayenmu suka gina gidajen zama manya-manya masu zaure da ɗakuna jere. Da gari ya matso, sai kowane ɗaki da ya juya wa titi baya aka fasa masa ƙofa ta waje, ya zama shago. Yau in ka bi babban titin da yamma, ga teloli, ga masu shadda da atamfa, ga masu turare, ga hayaƙin masu tsire ya rufe fitilu, kusan kowane shago da ka gani bangonsa na baya bangon tsakar gidan wani ne. Tun da aka buɗe babban zauren wasanni na Warda a 2009, aka kuma buɗe kasuwar zamani ta PlaYce a gefensa a 2022, duk taku ɗaya na bakin titi a ɓangarenmu ya ƙara daraja. Abin da muke ci ke nan mu dillalai.

A tsakiyar Janairu wani tela ya same ni. Yaro ne mai hankali, bai kai arba'in ba, yana da yara takwas a ƙarƙashinsa cunkushe cikin wani ɗan shago a lungu, inda ko mai babur ba ya son shiga in an yi ruwa. Ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya sayo injin surfani, yana son fitowa bakin titi kafin azumi. Azumin kuwa zai kama wajen 11 ga Maris. Duk wanda ya san teloli ya san abin da suke samu daga farkon azumi zuwa daren Sallah shi ke riƙe su rabin shekara. Ya ce mini, "Alhaji, na bar maka wuƙa da nama. Ni dai in shiga kafin a ga wata."

Ina da wuri a zuciyata. Shaguna uku ne a jere, a jikin gidan wani dattijo da ya rasu shekara biyu da suka wuce, aminin mahaifina, wanda nake kira Baba. Na yi wasa a zaurensa ina yaro. Da ya rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, na zauna zaman makoki har aka yi sadakar bakwai. Tun bayan rasuwar babban ɗansa ne ke karɓar kuɗin haya, shi ke biyan wuta da ruwa, shi ake kira in rufi ya yi yoyo. Duk unguwa shi take kallo a matsayin mai gida, ni ma haka.

Na same shi bayan La'asar. Kafin mu shanye shayi mun gama magana: za a fasa bango biyu a haɗe shagunan, haya sefa 150,000 a wata, a biya shekara biyu gaba ɗaya, sefa 3,600,000 ke nan. La'adata kuɗin wata guda daga kowane ɓangare. Na ce ya nuna mini takarda, ya shiga ciki ya fito da fotokwafin titir fonsiye, takardar mallakar ƙasa ta hukuma. Na yi murna, domin ba kowane gida a Birik ke da ita ba. Na duba lamba, na duba faɗin fili, na duba hatimi. Na kuma ga sunan da ke kai, sunan Baba ne, mutumin da na raka kabari da ƙafata. Na gani da idona, na mayar masa da takardar na ce madalla.

Washegari telan ya tambaye ni, "Alhaji, takardu lafiya?" Na ce masa, "Gidan nan na san shi tun ba a haife ka ba." Bai sake tambaya ba. Da me zai tambaya, bayan don kada ya shiga irin wannan ne ya zo wurina?

Ranar da muka je awo da magini, sai da muka ratsa ta cikin gida don mu duba bangon baya. Uwargidan marigayin tana zaune a tabarma bakin ɗakinta, da faranti a cinya tana tsintar shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta dubi magini da igiyar awonsa, ta ce, "Lafiya na ga ana aune-aune?" Na ce, "Lafiya lau, Inna, ɗan gyara ne za a yi a waje." Ta ce, "To, Allah ya taimaka," ta mayar da kanta kan farantinta. Na miƙe na wuce. Wannan amsa da na ba ta, a lokacin ko a jikina. Na ɗauke ta irin maganar da ake yi wa tsofaffi don kada a ɗaga musu hankali.

A farkon Fabrairu muka sa hannu. Ni na rubuta yarjejeniyar da hannuna, shaidu biyu, duka abokan babban ɗan. Ba mu je wurin noter mai tabbatar da takardu ba, ba mu kai ta ofishin haraji an yi mata rajista ba, na ce lokaci ya ƙure, a yi bayan Sallah. Telan ya ƙirga kuɗi a gabana. Sannan ya zuba wasu kusan miliyan biyu a gyara: tayil, ƙofar gilashi, sabuwar wayar wuta da za ta ɗauki injin, allon suna mai fitila. Saura mako guda a fara azumi ya buɗe, ya yi walima, ya sa malamai suka yi addu'a. Har hannuna ya kama a gaban mutane ya ce ni ne silar arzikinsa.

Ana saura kwana goma sha biyu Sallah, da hantsi, ina zaune a ɗan ofishina sai ga sallamar mace. Ɗiyar Baba ce ta uku, wadda take aure a Ngaundere. Jirgin ƙasan dare ya sauke ta da safen nan, ta zo ƙarasa azumi wurin mahaifiyarta, ta tarar da gaban gidan ubanta ya canza kama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna, muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Yaya, an ce kai ka bayar da shagunan Baba."

Na ce, "Ni ne, Hajiya. Da yayanku muka yi magana."

Ta ce, "Da yayanmu. To mu fa?"

Na fara kame-kame, wai ai shi ke kula da gida, wai ai kuɗin gida za su shiga. Ta bar ni na gama. Sai ta ce, "Yaya, ranar da za a kai ni Ngaundere, wa ya tuƙa motar da ta kai ni tasha?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ashe ka san Baba ya haife ni."

Ban iya ce mata komai ba. Ina da baki, sana'ata ma baki ce, amma na rasa kalma ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wani sabon labari da ta kawo mini. Ba ta fito da wata ɓoyayyiyar takarda ba, ba ta tona wani asiri ba. Na san Baba ya bar mata biyu. Na san 'ya'yansa takwas, maza uku, mata biyar, zan iya jero sunayensu bi da bi. Na san ba a raba gado ba, don da an raba da na ji, ƙila ma da ni za a yi kimanta gidan. Duk wannan yana cikin kaina ranar da nake duba hatimin titir fonsiye. An ce rashin sani ya fi dare duhu, to ni da rana tsaka na faɗa rami ido buɗe.

Bayan ta tafi na rufe ƙofa na zauna. Sai hoton Inna da farantin shinkafarta ya dawo mini. Matar nan tambayata ta yi. Mai haƙƙi a gidan ta ga baƙo yana auna bangonta, ta tambayi wanda ta ɗauka ɗa ne, na ce mata ɗan gyara ne. Da na tsaya na ce, "Inna, shagunan za a haɗe a ba wani tela shekara biyu," da a ranar magana ta fito, tun telan bai fitar da ko dala ba. Na bincika zuciyata ko mantuwa ce, na tarar ba mantuwa ba ce. Wani ɓangare na zuciyata ya san in maganar ta shiga cikin gida za ta yi tsawo: sai an kira Ngaundere, an kira Garwa, an jira wanda ke Duwala, azumi ya zo ya wuce, telan ya nemi wani dillali. Sefa 300,000 nake gani a gabana, shi ya sa na zaɓi amsar da za ta rufe bakin tsohuwa. Kwaɗayi ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Akwai kuma wanda ya fi kwaɗayin muni, don shi ya daɗe a jikina ban sani ba. A shekara 19 ban taɓa zama da mace na yi cinikin gidan gado ba. Kullum namiji nake nema, babban wa ko kawu. In an ce "masu gida", maza nake gani. Matan gida a wurina mutanen gaisuwa ne, a durƙusa musu a wuce.

Kwana biyu bayan haka wisiye, ma'aikacin da ke isar da takardun shari'a, ya kawo wa telan takardar gargaɗi da sunan magada shida. Daren ranar ƙanin babban ɗan, wanda dama suna 'yar tsama da wansa, ya ƙara nasa kwaɗon a kan ƙofar gilashin. Da asuba telan ya buga mini waya. Na same shi tsaye a bakin titi da yaransa takwas, ta cikin gilashi kana hango shaddodin mutane a rataye, wasu an yanka, wasu an ɗinka rabi, kowanne da 'yar takardar sunan mai shi manne da allura. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Alhaji, kayan Sallar mutane ne a ciki. Me zan ce musu?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Dattawan unguwa suka shiga tsakani, aka zauna a gidan wani malami bayan Tarawihi. Malamin ya ɗauki takarda ya yi lissafin da ke cikin Suratun Nisa'i, wanda na sha ji a wurin tafsiri tun ina yaro. Iyayen marigayi sun riga shi rasuwa, saboda haka matansa biyu suna da tumuni, sauran kuma na 'ya'ya ne, namiji rabon mace biyu. Ya raba gidan kashi 88. Matan aure 11. 'Ya'ya mata biyar, kowace 7, ya zama 35. Maza uku, kowanne 14, ya zama 42. Ya juyo da takardar ya tura gabana.

Mutumin da na ɗauka mai gida, wanda na sa telan ya ƙirga wa miliyan uku da dubu ɗari shida, kashi 14 yake da shi cikin 88, bai kai ɗaya bisa shida ba. Matan da ban tambaya ba, in aka haɗa nasu, 46 ne, sun haura rabi. Na daɗe ina kallon lambobin nan. Lissafi ne da ɗan makarantar Islamiyya zai yi cikin minti biyar, ni kuwa da nake tinƙaho da sanin kuɗin kowane shago daga Warda har Tsinga ban taɓa zama na yi shi ba.

Na je wurin lauya ina fatan dokar ƙasa za ta ceci telan. Na saba yi wa 'yan haya bayanin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ƙasashe 17 suke aiki da ita, har da Kamaru da Nijar, sakatariyarta ma a nan Yawunde take. A ƙarƙashin dokar, wadda aka yi wa gyara a Lome a Disamban 2010, ɗan hayar da ya yi shekara biyu yana sana'a a wuri yana da haƙƙin a sabunta masa, in kuma mai gida ya ƙi ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba, sai ya biya shi diyyar tashi. Lauyan ya saurare ni, ya yi mini tambaya uku. Ina hukuncin kotu da ya tabbatar da su wane ne magada? Ina takardar zaman dangi da ta naɗa babban ɗan mai kula da dukiya? Ina rubutaccen wakilcin da aka ba ni, ni dillali? Ba ni da ko ɗaya. Ya ce duk kariyar da nake faɗa tana tsayawa ne in wanda ya ba da hayar yana da ikon bayarwa, kuma magaji ɗaya ba ya ɗaure sauran a dukiyar da ba a raba ba, balle har a rushe bango. Ya tuna mini cewa tun dokar ƙasa ta 6 ga Yulin 1974 titir fonsiye ce shaidar mallaka, kuma amfaninta shi ne ta gaya maka sunan mai wuri. Tawa ta gaya mini, ni ne na ƙi ji.

Ba zan ɗora wa babban ɗan abin da ya fi nasa ba. Kuɗin bai yi shagali da su ba, wani kaso ya tafi asibitin ƙaramar matar Baba, wani ya biya bashin kaya. Shi ma ya tashi ne ya ga ana yi wa babban wa kallon uba, bai taɓa jin an ce sai ya nemi izini ba. Amma shi ɗan gida ne da ya ɗauki abin da ya zaci nasa ne. Ni aka biya don in san bambanci.

Aka yi sulhu: a cire kwaɗo telan ya sallami kayan Sallah, ya zauna har Babbar Sallah a tsakiyar Yuni, sannan ya tashi, domin biyu daga cikin magada sayarwa suke so, ba haya ba. Ragowar kuɗin hayarsa aka rubuta bashi a kan rabon babban ɗan. Na mayar da la'adata duka. Kuɗin gyara kuwa, tayil ba ya ɓamɓaruwa ya bi mutum, sai na ɗauki rabi a wuyana, miliyan guda, ina biya wata-wata. Wasu abokan sana'a sun ce na yi wauta, wai tsautsayi ne, dillali ba ya biyan asara. Ban ga tsautsayi a ciki ba. Kafin in bar maganar, na koma gidan na durƙusa inda na durƙusa a Janairu, na gaya wa Inna cewa ranar nan ba gaskiya na faɗa mata ba. Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Na ga idonka." Ta yafe mini.

A ƙarshen 2024 an yi ta tambayata yadda nake ganin kasuwar 2025, ga abin da na gani daga kujerata a lokacin. Ƙananan shagunan bakin titi za su ci gaba da tsada, don masu nema sun fi wuraren yawa, kuma faɗuwar naira tun tsakiyar 2023 ta sa mai sefa yana sayo kaya da sauƙi a Kantin Kwari, yara da yawa sun shiga harkar yadi suna neman inda za su baje. Manyan wurare da magaza sun yi nauyi. Man fetur ya tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ya sake tashi zuwa 840 a Fabrairun 2024, kuɗin dako ya cinye ribar 'yan kasuwa, wanda a da yake biyan shekara biyu ba gardama yanzu roƙon wata shida yake yi. Ga zaɓen shugaban ƙasa na Oktoban 2025, kuma na ga shekarun zaɓe da dama, mai kuɗi yakan riƙe hannunsa sai ƙura ta lafa. Ga aikin babbar hanyar Nsimalen, ɓangaren da zai ratso cikin gari, wanda aka aza harsashinsa a Disamban 2023. Wanda ya ga rusau na zamanin shugaban hukumar birni Gilbert Tsimi Evouna, ya ga yadda aka share unguwar Ntaba a 2008, ba zai zuba kuɗi a bakin babban titi ba sai ya je hukumar birni ya tambayi inda layi ya bi.

Amma abin da ya fi damuna ba ya cikin waɗannan. Dattawan da suka gina Birik suna ta tafiya, kusan kowane wata sai mun yi jana'izar ɗaya. Bayan abin da ya same ni na zauna na bi wuraren da ke hannuna guda 23, ina tambayar sunan wa ke kan takarda. Guda 9 sunan mamaci ne, kuma cikinsu biyu kaɗai ke da hukuncin kotu na magada. Sauran bakwai na janye su daga kasuwa har sai an kawo mini sa hannun kowa, mata kafin maza, wadda ke nesa a kira ta ta bidiyo a gaban shaidu ta aiko da wakilci. Uku daga cikin masu gidajen sun yi fushi sun koma wurin wasu dillalai, kuma na ji an riga an ba da biyu.

Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, tun kafin ya zo teloli suka fara zarya, kowa da kuɗinsa a hannu yana sauri. Ɗan'uwa, in an kai ka shago a Birik, kafin ka ƙirga ko dala ka tambayi wa ya gina gidan, yana raye ko ya rasu, ya bar mata nawa da 'ya'ya nawa, kuma ka nemi a shiga da kai ka gaida tsohuwar da ke ciki ka gaya mata abin da ya kawo ka. In dillalinka ya ce maka ya san gidan tun ba a haife ka ba, ka ce ni na ce ya nuna maka takarda.

Telan ya koma lungunsa, injin surfanin yana can a ɗakin ƙanensa don shagon ba zai ɗauke shi ba, yara uku cikin takwas sun bar shi. Shagunan Baba suna kulle tun Yuni, maganar gado tana kotu, allon sunan telan har yanzu yana sama ba a sauke ba. Saura sefa 400,000 in gama biyansa.